Sunan Martina Ya Tafi Aiki

Ni na ɗinka farin yunifom ɗin, gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya faɗa. Sunana Magdalene, tela ce ni, kuma dangar kara ce kawai ta raba gidanmu da gidan Malam Silvanus Kambai a bayan kwatas ɗin reluwe a Kafanchan. Malam Silvanus hedimasta ne, dattijon ikkilisiya kuma, mijina yana koyarwa a ƙarƙashinsa. Abin da zan faɗa da idona na gan shi a daminar 1976, har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Martina matar Kumai ce, ƙanin Malam. Shekara bakwai tana ɗibar jini a wani ƙaramin asibitin mishan, kuma matar nan Allah ya ba ta hannu. In aka kawo yaro mai ƙiba, jijiya ta ɓuya, kowa ya gwada ya kasa, sai a ce a kira Martina. Da aka rufe asibitin, Sistar da ke shugabantarsa ta ba ta satifiket. Abu uku ne a ciki: ta yi horon wata shida, ta iya ɗibar jini daga jijiya, ta iya dafa allura da rubuta suna a kwalba. Babu hoto a jiki, sai suna da hatimi.

Da aka ji gwamnati tana neman ma'aikata a wani sabon asibiti can wajen Kauru, sai ta ɗauki takardarta ta kai wa Malam. A gidan nan shi kaɗai ke da tafireta, kuma duk wata takardar gida, ta baftisma ce ko ta makaranta, a akwatinsa na ƙarfe take kwana. Ina shanya kaya a kan danga na ji su.

"Zan sa ke nas ce," in ji shi.

"A'a, Baba. Ni ba nas ba ce. A rubuta abin da yake cikin takardar."

"Haba, matarmu! Duk mai farin kaya a asibiti ai nas ce. Wa zai tsaya tambaya?"

"Baba, nas tana ba da magani, tana sa ruwa, tana karɓar haihuwa. Ni jini kawai na sani. In na ce na iya abin da ban iya ba, ran mutum za a danƙa mini."

Ya yi dariya, ya ce to shi ke nan, ta bar masa takardar. Tafireta ta yi ta ƙara har rana ta yi tsaka.

Bayan mako biyar amsa ta zo. Da aka gama addu'ar safe a tsakar gida, Malam ya gyara tabarau ya ce Ubangiji ya ziyarci gidan nan, an ɗauki Martina Kambai aiki. Martina ta durƙusa tana godiya. Bai bari ta tashi ba ya ƙara da cewa Emilia ce za ta tafi.

Emilia 'yarsa ce, shekararta goma sha tara, sau biyu tana faɗuwa jarrabawar shiga makarantar nas. Martina ta ɗago kai kamar ba ta ji daidai ba.

"Baba, sunana ne fa."

"Sunanki? Kambai ɗin da ke jikin takardar daga gidan ubanki kika zo da shi? Sunan gidan nan ne, mu muka ba ki. Ke matar aure ce, wa zai bar ki ki tafi Kauru ki bar mijinki? Yarinya kuwa tana zaune ba aiki. Shekara shida kina gidan nan ba ki ba mu ɗa ba, ba mu ce komai ba. Takarda ɗaya ce za ta gagare ki?"

Kumai yana zaune a kan turmi, kansa a ƙasa. Ma'aikacin reluwe ne, yana bin jirgin kaya zuwa Inugu, kwana huɗu yana hanya, biyu yana gida. Da matarsa ta dube shi sai ya ce, "Yaya ya fi mu sani." Ya ɗauki jakarsa ya tafi tasha.

Kwana ashirin ya rage Emilia ta kama aiki, yarinyar kuma ko sirinji ba ta taɓa riƙewa ba. Malam ya je kemis a kasuwa ya sayo sirinji ɗaya na gilashi da allura biyu, ya ce Martina ta koya mata. Ta ƙi. Kwana biyu ba wanda ya amsa gaisuwarta a gidan, Maman Emilia ta daina auna mata acca. A rana ta uku ta zo wurina, idonta jawur.

"Maman Hellen, ko na koya mata ko ban koya ba, za su tura ta. In ta je ba ta san komai ba, mutane za ta illata, kuma da sunana."

Na ce mata gaskiya ne. Abin da na iya ce mata ke nan, ni da ake ce wa mai baki a Zumuntar Mata ta majami'armu.

Da lemo suka fara. Martina ta nuna mata yadda ake kwantar da allura, bakin allurar yana kallon sama. Ta nuna mata yadda ake goga tsinin a kan auduga, in ya kama zare to ya lanƙwashe, sai an wasa. Ta ce mata a dafa minti ashirin cif. Abu ɗaya kuma ta yi ta maimaitawa har na haddace daga bayan danga: "Kada ki bar gadon mutum sai kin rubuta sunansa a kwalba. Ko gobara ake yi, ki rubuta tukuna."

Malam ya tsaya kallo kwana biyu, sannan ya ce lemo ba shi da jijiya, a daina wasa. Hannun mutum ake bukata. To hannun wa? Shi yana rubutu a allo. Matarsa tana da hawan jini. Kumai yana hanya. Ya waiga ya dubi Martina ya ce, "Ke ce ba ki da aikin yi."

Daga ranar, kullum bayan addu'ar safe, sai a fito da kujera gindin mangwaro. Martina ta zauna, ta miƙa hannun hagu, ta ɗaure damtsenta da roba, haƙoranta suna riƙe da bakin robar. Da yatsanta take nuna wurin. "Nan, Emilia. Ki taɓa, kin ji ta? A hankali." Yarinyar sai ta soka ta wuce, ta ja baya, ta sake sokawa, ta yi ta lalube a cikin nama. "Anti, ki yi haƙuri," take cewa, tana kuka, kuma ba ta dainawa, don ubanta yana tsaye da agogo a hannu. Sau huɗu, sau biyar kowace safiya.

A mako na farko gwiwar hannun ta yi baƙi. Maman Emilia ta fara ƙorafin itace, wai ana ƙona mata icce a kan allura biyu kamar ana dafa wake, sai minti ashirin ya koma biyar, daga baya ya koma a tsoma a ruwan zafi kawai. A mako na biyu hannun ya kumbura, ya yi sulɓi, zazzaɓi ya kama ta. Duk da haka ita ke ɗebo ruwa a famfon layi, ita ke surfe. Na ga tana daka da hannu ɗaya, taɓarya tana kuɓuce mata.

Ranar Alhamis Maman Emilia ta shigo shagona da yadi kashi biyu. Fari na yunifom ɗin Emilia. Ɗayan atamfa ce, wai in yi wa Martina riga mai dogon hannu kafin Lahadi.

"Matan majami'a da sa ido," ta ce. "Ƙaramin ƙurji ne ya fito mata, sai su mai da shi magana."

Na ce, "Mama, wannan ba ƙurji ba ne. A kai ta asibiti."

"A kai ta a ce me? Ke dai ɗinka abin da aka kawo miki. Ya maigida da aikin makaranta?"

Na gane tambayar sarai. Na ɗinka duka biyun, har na goge su.

Da Kumai ya dawo, Martina ta kwance tsumman da ta naɗe hannun da shi ta nuna masa. Ɗakinsu yana jikin dangarmu, kuma da rana ne, taga a buɗe. Ya dubi hannun ya kawar da kai.

"Saura kwana huɗu," ya ce. "Ki daure."

"Maigida, ka dube shi da kyau."

"Na gani. Me kike so in yi? Yaya ne ya rene ni tun babanmu ya rasu. In tsaya gabansa in ce masa me? Jini ne fa kawai, ke da kike ɗibar na mutane shekara bakwai."

Saura kwana uku, jijiyoyin hagu duk suka mutu. Ko Martina da kanta ta lalubo ba ta samu ba. Emilia kuwa har lokacin sau biyu kacal ta taɓa ganin jini ya shigo sirinji. Malam ya ce a koma hannun dama.

Nan ne Martina ta miƙe tsaye. Tun da na san ta ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar.

"Baba, kun ɗauki takarda, kun ɗauki suna, na ba ku hagu. Wannan da shi nake aiki. Ba zan bayar ba."

"Wane aiki?" in ji Malam. Bai ko yi fushi ba. "Kumai, kana ji matarka tana mayar mini da magana a gaban 'yata?"

Kumai ya taso. Na ɗauka ɗaki zai ja ta. Sai ya zaunar da ita a kujera, ya zagaya ta baya, ya kama wuyan hannunta na dama ya miƙar da shi a kan gwiwarsa. Hannun mai aikin ƙarfe ne, ina ita ina ƙwacewa? Yana cewa, "Sau ɗaya ne, Martina, sau ɗaya." Ita kuma, ko a hakan, sai da ta ce, "Emilia, ba nan ba! Ki matsa waje, nan ciki akwai..." Ba ta ƙarasa ba. Allurar ta shiga can ciki, Martina ta yi wata ƙara da har kajina suka watse, yatsunta suka miƙe da kansu. Emilia ta saki sirinji ta ruga ɗaki.

Malam ya ce tsoro ne ya sa ta motsa, laifinta ne.

Kumburin hagu ya fashe da kansa, ya warke ya bar tabo. Na dama bai kumbura ba, ko alama babu sai ɗan ɗigo. Amma babban yatsa da biyu na kusa da shi ba su ƙara jin komai ba. Ta zo shagona bayan Emilia ta tafi, ta ce in ba ta allurar ɗinki. Na ba ta. Allurar ta faɗi ƙasa. Na ɗauka na sake ba ta, ta sake faɗuwa. Ta zauna a benci tana kallon yatsun, ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

A gidan kuwa murna ake. Emilia tana aiko da wasiƙa, Malam yana karantawa bayan addu'a, wai ana kiranta Nas Martina, wai an bar mata ɗakin mata ita kaɗai ranar kasuwa. Ashe abin da Martina ta hana shi rubutawa ranar farko, shi ya buga a takardar neman aikin: cikakkiyar nas mai shekara bakwai a bakin aiki. Martina tana zaune tana ji, kwanon tuwo yana zame mata daga hannu, Maman Emilia tana ce mata ragguwa.

Wata huɗu aka yi. Ran nan da hantsi motar ɗaukar citta ta sauke Emilia a bakin layi, ba akwati, ba ɗankwali. Ta shige ɗakin uwarta aka rufe. Kafin yamma na ji komai, don uwar ba ta iya kuka a hankali ba. Mata biyu aka kwantar, ɗaya ta haihu ta zubar da jini da yawa. Likita ya ce a ɗebi jininsu a gwada. Emilia ta ɗebi na wannan, ta ɗebi na waccan, aka kira ta waje, ta dawo sannan ta rubuta sunaye. Ba wanda ya duba bayanta, ai nas ce mai shekara bakwai. Aka ƙara wa mai jego jinin da ba irin nata ba. Ta rasu ta bar jariri ɗan kwana biyu.

Da Martina ta ji, sai ta zauna a ƙasa daɓas. "Na gaya mata," take cewa. "Kullum sai na gaya mata."

Washegari Malam ya kira ta gindin mangwaro, ya yi mata magana mai laushi irin wadda bai taɓa yi mata ba.

"Matarmu, za a aiko mutum daga ma'aikatar lafiya. Martina Kambai zai nema. In aka ce Emilia ce ta je da takardar wani, kurkuku ne, ita da ni. Ke kuwa kora ce kawai. Za a kore ki daga aikin da dama ba kya yi. Hannun ma ga yadda Ubangiji ya yi da shi. Me za ki rasa?"

"Baba, mutum ya mutu. A ce ni na kashe ta?"

"Wa ya ce kisa? Kuskure ne. Kiristan kirki yana ɗaukar nauyin ɗan'uwansa."

"Ba zan ce ni ce ba."

"Ba sai kin ce komai ba," in ji shi.

Bayan kwana tara mutumin ya zo, da Landiroba, daga Kaduna. Dattijo ne mai furfura, da alama ya gaji, bai taɓa ganin ko ɗaya cikinsu ba. An riga an tura Emilia ƙauye wajen kakarta. Aka ba shi kujera a tsakar gida, ya buɗe fayil. Ni ina jikin danga, ina riƙe da tsintsiya.

"Ke ce Martina Kambai?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

Ya ɗaga satifiket. "Wannan naki ne?"

"Nawa ne."

"Ke nas ce?"

"A'a. Jini kawai nake ɗiba."

"To me ya sa kika rubuta wa gwamnati cewa ke nas ce?"

"Ba ni na rubuta ba. Ranka ya daɗe, ni ban taɓa taka asibitin nan ba. Ban san hanyarsa ba. 'Yar gidan nan ce ta je da sunana."

 Malam ya girgiza kai, ya yi ajiyar zuciya irin ta mai tausayi.

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. Tun da ta gudo kanta bai zauna daidai ba. 'Yata tana ƙauye tun bara. Ga mijinta nan, tambaye shi."

Mutumin ya dubi Kumai. Kumai ya ce, "Haka ne."

Ban san abin da dattijon ya gani a fuskar Martina ba, amma bai rufe fayil nan da nan ba. Ya ce, "Akwai wanda zai shaida cewa kina garin nan watannin nan huɗu?"

Martina ta juyo ta dubi danga. Ba ta kira sunana ba, ta dube ni kawai. Mutumin ma ya juyo. Malam ma ya juyo, ya cire tabarau.

"Maman Hellen," ya ce, "kina da magana?"

Kullum safiya a watannin nan huɗu tare muke layin famfo da ita. Ni nake ɗora mata bokiti a ka tun da yatsunta suka mutu. Na tuna mijina, na tuna 'ya'yana huɗu, na tuna ƙauyen da ake tura malamin da hedimasta ya yi fushi da shi. Na ce, "Ni shara nake yi." Na sunkuya na ci gaba da share wurin da na riga na share.

Mutumin ya karanta takardar. An kori Martina Kambai saboda ƙarya a takardar neman aiki da sakaci da ya jawo asarar rai. An soke satifiket ɗinta. Za a aika sunanta kowane asibiti a jihar, kada a ƙara ɗaukarta ko da shara ce. Ya ce ta gode wa Allah dangin mamaciyar talakawa ne, ba su kai ƙara ba. Ya ja layi biyu da jan biro a kan satifiket ɗin, sannan ya miƙa mata biro ta sa hannu.

Ta ce ba za ta sa ba. Ya ce shi ba zai koma Kaduna da takarda babu hannu ba. Malam ya ce ai ko tana so ba ta iya riƙe biro, a kawo tawada ta dangwala. Ta ɓoye hannun a bayanta. Kumai ya zo ya kamo shi, ya danna babban yatsan a tawada, ya danna a takarda. Ta tsaya tana kallon shuɗin da ke jikin yatsan.

"Ban ma ji ba," ta ce.

Shekarar da ta biyo Emilia ta shiga kwalejin horon malamai da sunanta na gaskiya, tsaf, ba ɗigo a jiki. Malam Silvanus ya ci gaba da raba jibin Ubangiji a majami'a, Martina kuma aka sa ta horo a ikkilisiya wata shida, tana zama a bencin baya, saboda ƙaryar da takardar gwamnati ta ce ta yi. Dattawa bakwai ne suka yanke, kuma duk bakwai ɗin sun sha ganinta a sujada a watannin da aka ce tana Kauru. Matan Zumunta sun sani. Layin famfo ya sani. Kowa ya ce maganar cikin gida ce.

A duk gidan nan mutum ɗaya ne ya ce a rubuta gaskiya a takarda, kuma ita ce gwamnati ta rubuta wa maƙaryaciya. Can wajen Kauru akwai yaron da zai girma a gaya masa wata Martina ce ta kashe uwarsa.

Ba ta taɓa yi mini maganar ranar ba. Washegarin zuwan mutumin Kaduna, da safe, na same ta a famfo, bokitinta ya cika, na miƙa hannu in ɗora mata kamar kullum. Ta ce, "Bar shi, Maman Hellen." Ta durƙusa ta rungume shi da damatsanta, ta ɗaga, rabin ruwan ya zube mata a jiki, ta tafi da sauran.